Gurbin Tsakiyar Bargon Iya Yelwa

Ɗanzomo, bayan Ƙaramar Salla

Zuwa ga 'yata Rahamatu, a Maigatari.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, da fatan kun yi salla lafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi, sai gwiwar nan tawa da ba ta gajiya da ƙorafi. Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. Kunnena ya yi nauyi, in na kira ki sai mu yi ta ihu, unguwa ta ji sirrinmu ni ban ji ba. Tun da na yi yaƙi da jahilci da ƙuruciyata, bari in mori abina. Zan riƙa ba direban da ke zuwa kasuwarku ranar Alhamis, ke ma ki riƙa ba shi amsa.

Na san za ki yi mamaki, don zumuncin namu sai an zauna an warware shi. Kakarki ta wajen uba da Innata, Ummukulsum, ciki ɗaya suka fito. Da nisa, amma bai kai nisan da zai hana ni aikenki ba.

Ga maganar. Ɗana Zayyad ya kai ni asibiti a Gumel saboda idona. Likita ya yi ta kwana-kwana, sai wata nas mai suna Cecilia, Allah ya saka mata, ta riƙe hannuna ta faɗa mini gaskiya. Na hagu ya tafi, na dama ma yana bin sa a hankali, magani sai dai ya rage masa sauri. Ban yi kuka ba. Abu ɗaya na tambaye ta, har yaushe zan riƙa ganin kafar allura? Ta ce, "Iya, in kina da aikin da kike son gamawa, ki gama shi bana."

To ina da shi. Kin san bargon nan da mutanen gidanmu suke kira tsumman Yelwa. Tun ina yarinya nake tsintar ƙyallaye a ƙarƙashin keken teloli a kasuwar Sule Tankarkar ina harhaɗawa. Ƙanana na yi ba adadi, na amare da na jarirai, duk suna gidajen mutane. Amma babban, tun ina amarya nake kansa. Duk biki ko suna da aka fitar da anko a danginmu sai na karɓi ƙyalle guda, in shimfiɗa masa tsohon zane a ƙasa, in bi shi da allura layi-layi har ya kama jikinsa. Ankon aurenki yana nan, koren nan da ya zuba tun wankin farko, ban yafe wa wanda ya zaɓo shi ba. Marigayi maigidana Malam yakan ce ni kaɗai ce macen da ke zuwa biki don tsumma, ba don shinkafa ba.

Ko'ina ya cika, saura tsakiya. Na bar gurbi kamar faɗin faifai, na saƙin Inna ne. Ita ta kaɗa zaren da hannunta, ta kai wa masaƙi, aka rina shi baƙi wuluk. Da shi aka goya ni, da shi aka goya ubanki. Tun tana raye yake yawo daga gidan haihuwa zuwa gidan haihuwa, wadda ta haihu a dangi a kai mata, in ta yaye ta miƙa gaba. Rabona da shi tun yayen Zayyad, ga shi yau Zayyad har da furfura a gemu. Na yi ta cewa zai zagayo, ban matsa ba, ina ganin akwai lokaci.

Ke ce mai talla gida-gida da atamfa, babu zauren da ba ki sani ba. Ki nemo mini inda yake. Ba duka nake so ba, ɗan abin da zan yanko daga gefe ya rufe gurbin nan ya ishe ni. Ba na so idona ya rufe bargona yana da rami a ciki.

Taki,
Yelwa


Maigatari, farkon bazara

Zuwa ga Iya Yelwa.

Wa alaikumus salam, Iya. Takardarki ta same ni a rumfa ina cikin ciniki, na karanta na kasa ci gaba, sai maƙwabciyata ce ta sallami mai sayen. Allah ya ba ki lafiya, ya tsayar da ciwon nan inda yake. Maigida yana gaishe ki, yara duk lafiya, sai ƙaramar da ta yi ɗan zazzaɓi, ta warke.

Amma Iya, koren ankon nan ni na zaɓe shi da kaina, ki yafe mini tun muna da rai.

Ban zauna ba. Na tuna da saƙin na goya ɗana na fari, da na yaye na aika wa matar Kawu Habibullah a Sule Tankarkar. Na hau babur na je. Ta ce tabbas ya zo hannunta, ta goya biyu da shi, daga nan ya tsallaka Damagaram wurin 'yarta da ke aure can. Da na ji haka na ce shi ke nan, zane ya zama ɗan Nijar. Sai ta yi dariya ta ce a'a, ya dawo, ita da kanta ta ɗauro shi a ƙugu ta wuce da shi gaban 'yan duwan, kwastan ɗin Nijar, wai kada su ga tsohon saƙi su ce kaya ne. Daga nan aka kai shi wani gida a Gumel, matar gidan kuma ta rasu, Allah ya jiƙanta. Wadda ta raba kayanta ta ce mini ba a sa shi cikin gado ba, don kowa ya san ba na mutum ɗaya ba ne. Tana jin wajen Gagarawa ya nufa.

Iya, abin da ya ba ni mamaki, duk gidan da na ambaci saƙin nan sai fuskar mata ta canza. Kowace sai ta hau lissafa mini waɗanda ta goya da shi. Wata tsohuwa har ta kira jikanta, ƙato mai tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, ta ce ya durƙusa ya gaishe ni saboda zanen da ya yi wa fitsari nake nema.

A Gagarawa danginmu gida biyu ne kawai, ba zai ɓace mini ba. Da an yi ruwan shuka hanya ta lafa zan je. Ki kwantar da hankalinki, ki riƙa ɗiga maganin kan lokaci, kada ki ce ɗaci ko yaji.

'Yarki,
Rahamatu


Ɗanzomo, tsakiyar damina

Rahamatu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, gero ya yi kyau, har ya fara ɓoye akuya. Da fatan ku ma haka.

An yi ruwan shuka, an yi noman farko, an yi maimai. Kowace Alhamis da yamma sai in sa a fitar mini da kujera ƙofar gida. Direban nan yanzu in ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya juya tafinsa, ya wuce ko tsayawa ba ya yi. Gagarawa ce ta koma bayan Makka, ko ke ce kika gaji da aiken tsohuwa? In gajiya ce ki faɗa, ba zan yi fushi ba. Ƙarya nake, zan yi, amma ki faɗa.

Ba don tsegumi nake matsa miki ba. Kafar allura ta ɓace mini, Rahamatu. Makon jiya na zauna tun hantsi ina cusa zare, har aka kira azahar bai shiga ba. Na jefar da allurar, na zo kuma ina lalubenta a tabarma kamar mahaukaciya. Launuka ina ganinsu har yanzu, amma sun fara shiga juna. Zayyad ya ce in haƙura da ɗinki, wai ina ƙarasa idon. Har ya ce zai sayo baƙin yadi a kasuwa a toshe gurbin, wa zai gane? Na ce ni zan gane, ya fita mini daga ɗaki.

Kwana biyu ina shimfiɗa bargon ina zura hannu a ramin nan, sai in ji tabarma a ƙasa. Tsoro nake ji. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ke ma don takarda ce.

Ki rubuto ko da babu labari mai daɗi.

Yelwa


Maigatari, ƙarshen damina

Iya,

Na durƙusa ina gaishe ki. Allah ya huci zuciyarki. Muna lafiya. Wallahi ba gajiya ba ce, kunya ce ta hana ni rubutu, don na samo saƙin kuma na ɓata lamarin da bakina.

Yana wurin A'i a Gagarawa, jikar Kawunku na Ɗanzomo, wadda mijinta ke sayar da riɗi. Ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta dama mini fura, muka sha hira. Da na ambaci saƙin ta ce yana nan cikin adakarta. Da na ce ke ce ke nema har ta miƙe za ta ɗauko. Ni kuma daɗi ya kwashe ni, na ce bari in karanta mata takardarki ta ji da bakinki. Ina zuwa wurin da kika ce "ɗan abin da zan yanko", sai ta koma ta zauna. Ta ce, "Yanko? Da almakashi?" Na ce ɗan kaɗan ne daga gefe. Ta ce, "Rahamatu, sha furarki."

Iya, wai ashe ba a sa wa saƙin nan ƙarfe mai kaifi. Haka duk matan wajen suka taso suka ji, wai ita Inna Ummukulsum ce ta faɗa, duk ranar da aka yanke shi goyon da ke kai ba zai tsaya ba. Na ce ni ban taɓa ji ba. Ta ce ai ni ban taɓa binne ɗa ba, shi ya sa.

Gaskiyarta ce kuwa. 'Yarta Muhsina da ke aure a Gumel ta haihu sau biyu, duka biyun ba su kai arba'in ba. Lokacin saƙin yana Damagaram. Yanzu tana da ciki, ya tsufa, A'i ta bi gida-gida ta karɓo zanen ta kulle, tana jiran ranar. Ta ce in gaya miki tana ganin girmanki, ke uwa ce, in kin ce ta kawo miki adakar gaba ɗaya da abin da ke ciki za ta kawo, ban da wannan. Ko ganinsa ba ta bar ni na yi ba. Da zan tafi ta raka ni bakin hanya tana kuka ina kuka.

Na koma sau biyu. Na biyun ma cewa aka yi ba ta nan, alhali ga takalmanta a ƙofar ɗaki.

Na yi tunanin in haɗa ta da Kawu Habibullah ya yi mata magana, kin san ba ta iya musa masa. In kin ce in yi, gobe zan hau babur. Ke ce 'yar mai zanen, duk dangi babu wanda ya fi ki iko da shi. Ki yafe mini, da na yi shiru da yanzu yana hannunki.

Rahamatu


Ɗanzomo, lokacin girbi

Rahamatu,

Gaisuwa mai yawa. Ana ta yankan gero, gidan ya cika da ƙaiƙayi. Jikina da sauƙi.

Da Zayyad ya karanta mini takardarki, don yanzu rubutunki ya yi mini ƙanana, sai da na tashi tsaye. Inna ce ta faɗa? Uwata? Matar da ta yanke gefen zanen aurenta ta ɗaure wa akuya ƙafa? Na zauna da ita har ta koma ga Allah, ban taɓa jin wannan magana ba. Mata ne kawai suka ƙera abinsu suka rataya mata, don ba ta nan balle ta ƙaryata. Allah ne ke raya ɗa, ba saƙi ba. Na faɗi maganganu a tsakar gida, har surukata ta kwashe yara ta shige ɗaki.

Na kwana biyu ina fushi. Sai na tuna wani abu. Kafin Zayyad na haifi mace, ta yi wata biyu ta koma. Da aka haifi Zayyad, in yana barci sai in sa yatsa a hancinsa in ji ko yana numfashi. A lokacin da wani ya zo ya ce zai taɓa ko igiyar shanyar kayansa, da na cije shi. A'i ba ta yi hauka ba, tsoro take ji, kuma nata ya fi nawa nauyi.

Kada ki je wurin Habibullah. In aka ƙwato shi da ƙarfi na yanka, sannan wani abu ya sami jaririn nan, ko da zazzaɓin sauro ne, wa zai ƙara shiga bargona? Na yi shekara da shekaru ina haɗa dangi a cikinsa, ba zan rufe shi da abin da zai raba su ba.

Ki aika wa A'i ta riƙe zanenta, na janye. Abu ɗaya nake roƙo. In Allah ya sauki Muhsina lafiya, a bar ni in riƙe saƙin a hannuna, in shinshina shi, tun ina iya bambance baƙi da fari. Ta zauna kusa da ni ta tsare ni in tana so.

Gurbin kuma zan bar shi haka. Baƙin yadin Zayyad dai ba zai shiga ba.

Kuma ki daina cewa da kin yi shiru. Da kin karɓo mini shi da ɓoye-ɓoye, da na fi jin haushinki.

Yelwa


Maigatari, bayan an kai amfani gida

Iya,

Albishirinki! Muhsina ta sauka lafiya, an sami mace, ƙatuwa, mai kuka kamar an aiko ta. Uwa da 'ya duk lafiya. Suna ranar Asabar a Gumel, gidan mijinta. A'i ce ta kira ni da kanta, ta ce saƙonki ya iso ta, ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Ta ce a zo da ke, za ta fito da saƙin.

Ni ba zan samu zuwa ba, Iya, kuma abin yana cina. Maigida ya faɗo daga babur ya karye a ƙafa, an yi ɗori, ba mai juya shi sai ni. Da sauƙi, har ya fara faɗa, kin san alamar warkewa ke nan. Na aika da turmin atamfa na barka, na kuma sa a ba ki ankon sunan, shuɗi ne mai ganye-ganye, wannan ba ya zuba, na jiƙa na gani.

Na yi rubutun manya-manya don ki karanta da kanki. Ki rubuto mini duk abin da ya faru, kada ki rage komai.

Rahamatu


Ɗanzomo, farkon sanyi

'Yata Rahamatu,

Assalamu alaikum. Yaya mai jiki? Ki ce ina yi masa sannu, ya bar wa matasa gudu a kan babur. Mu nan lafiya ƙalau. In kin ga layukana suna hawa kan juna ki yi haƙuri, na hana Zayyad rubuta mini wannan, da hannuna nake so ki ji.

Nemi wuri ki zauna.

Mun je suna. An sa wa yarinya Ummukulsum, ban san da haka ba sai da aka faɗa, na ce to, yau za a ga hawayen Yelwa. Da la'asar, mata sun cika ɗaki, A'i ta shigo da ƙunshi ta zauna har gwiwarta tana gugar tawa. Ta ce, "Iya, ba don rashin yarda ba, amma babu almakashi a jakar nan ko?" Na zazzage mata jakar a tabarma. Goro, carbi, maganin ido, sai allura a soke a gefen ɗankwalina. Na ce, "Ki caje ni har zane in kina so." Aka yi dariya, ta ɗora mini shi a cinya.

Rahamatu, ya yi laushi kamar tsohuwar fata. Warin baban rini ya tafi, sai warin jarirai da hayaƙi. Na daɗe da fuskata a ciki. Sannan na fara bin sa da yatsu, don idon ba ya ba ni komai sai baƙi. Sai yatsana ya hau kan ɗinki. Na bi shi, na ji ya karkata ta hagu. Inna bahaguwa ce, duk ɗinkinta haka yake kwanciya. Na tsaya cak. Ni da na tsufa a kan allura, ina ta maganar yanka, na manta saƙi ba falle ɗaya ba ne kamar atamfa. Ƙwarya-ƙwarya masaƙi ke fitar da shi, sirara, faɗin yatsu huɗu, sai a jera su a ɗinke. Inna ce ta jera waɗannan da hannunta.

Na ci gaba da bi har ƙwaryar bakin sama, wadda ake ja a ɗaure a ƙirji. Nan na ji abin da ban so ba. Ta cinye, ta zama kamar ɓawon albasa, har yatsana ya leƙa ta wancan gefe. Na ce, "A'i, kin san da wannan?" Sai na ji tana jan hanci. Ta ce ta sani, tun da ta karɓo shi take fargaba, ga shi ba ta isa ta bari a taɓa ba. Na ce, "In Muhsina ta goya 'yar nan ta sunkuya ta ja, nan zai tsage, kuma in ya fara ba zai tsaya ba. Kin tsare shi daga almakashi, za ki bar shi ya yage da jaririya a kai?" Muhsina daga kan gado ta ce, "Wayyo, Iya, to yaya za a yi?"

Na zare allurata na ɗaga. Na ce, "Wannan ƙarfe ne mai kaifi?" Wata ta ce mai tsini dai. Na ce, "Da irinta Inna ta haɗa, da ita zan raba. Ko silin saƙa ɗaya ba zan tsinka ba, zaren ɗinkin kawai zan zare. In cire wadda ta mutu, in sa sabuwa mai ƙarfi." A'i ta dubi 'yarta. Muhsina ta ce, "Umma, ki bar ta." A'i ta ce, "Bismillah, Iya," amma ta kama ɗaya bakin zanen ta riƙe gam.

Ban ga komai ba, kuma ban buƙaci gani ba. In sa tsinin allura ƙarƙashin ɗinkin, in ɗaga, in ja. Har masu rabon waina suka tsaya a bakin ƙofa suna kallo. Ina zarewa ina jin inda Inna ta gaji ta yi taku manya, da inda zarenta ya ƙare ta ƙulla. Da na kai ƙarshe, ƙwaryar ta sulale ta faɗo cinyata, ɗungurungum, doguwa, ba yanka ba tsagewa. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, jaririya ta tsorata ta sa nata.

Na ce to a ba ni yadi mai ƙarfi. Kafin in rufe baki A'i ta tuɓe ɗankwalin ankonta, shuɗin nan naki, ta miƙo mini, ta bar kanta ba ɗauri a gaban baƙi. Na kwana uku a Gumel. Na ninka shi rubi uku, na bi shi da ɗinki layi-layi irin na bargona, na haɗa shi da saƙin. A'i da Muhsina suka kama baki-baki suka ja da ƙarfinsu, ko motsi bai yi ba. Na ce wannan zai goya jikokin mai sunan Inna. Ranar da zan taho, A'i ta naɗe tsohuwar ƙwaryar da kanta ta sa mini a jaka. Ta ce, "Ki kai ta inda kika tanadar mata."

Da na dawo gida na auna, sai ga ta doguwa siririya, gurbi kuma mai kusurwa huɗu. Zayyad ya ce yanzu ai tawa ce, in yanka ta gida-gida. Na ce na yi wa A'i alkawari a gaban mutane, ba zan karya shi a bayan idonta ba. Sai na kwantar da ita, in ta kai bango in lanƙwasa ta dawo, in ta kai in sake lanƙwasawa, kamar yadda ake kunya a gona. Rahamatu, ta rufe gurbin ruf. Ɗan abin da ya yi saura na cusa ƙarƙashin koren ankonki, yau dai ya yi amfani.

Kin san wa ke zura mini zare? Zayyad, mai cewa in haƙura. Kullum kafin ya fita sai ya zauna da gilashinsa ya zura allurai ya jera mini a jikin matashi, yana gunaguni. In na cinye su kafin ya dawo sai in zauna jiransa. Da yake ƙwaryar ta yi rauni, na bi ta da ɗinki kusa-kusa, har ta kama zanen ƙasa ta zama ɗaya da shi.

Ranar Juma'a da hantsi na ƙulla zaren ƙarshe na cije shi da haƙori. Aka fitar da bargon tsakar gida, sai da mutum huɗu suka kama. Maƙwabta suka shigo, kowace tana neman bikinta tana ihu. Matan da suka shekara suna cewa tsumman Yelwa, yau ga su durƙushe a kai suna shafawa. Ni kuma na sa aka ja ni baya na duba. Launukan duk sun narke sun shiga juna, ba na raba ja da kore. Amma baƙin nan na tsakiya, Rahamatu, na gan shi sarai. Na gan shi da idona. Na zura hannu inda na saba jin tabarma, na ji Inna. Alhamdu lillahi, na riga ciwon nan.

Zayyad ya ce to yanzu sai a huta, ya miƙo hannu zai tattara alluran. Na buge hannun. Mai sunan Inna ba ta da bargo, sanyi kuma ya shigo.

Don haka ranar Alhamis ki bi telolin kasuwarku ki tsinto mini ƙyallaye, ki ba direba. Kada ki wahalar da kanki wajen zaɓen launi, wannan ya wuce. Ki haɗo masu santsi da masu kaushi, masu kauri da marasa kauri. Yatsuna ne za su zaɓa.

Taki har kullum,
Yelwa